Hutun kwana tara daga Legas: zai isa a hau Chappal Waddi a kuma zaga dajin Gashaka?

Akawun Apapa ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina aiki a Apapa, ina zaune a Agege, kuma bana an amince mini da hutun kwana tara daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu. Mu huɗu ne muka shirya tafiya: ni, da ƙanena, da abokanmu biyu da muke motsa jiki tare ranar Lahadi. Maimakon mu tafi gida kamar yadda muka saba, inda hutun yake ƙarewa a gaishe-gaishe da ɗaurin aure, mun yanke shawarar zuwa gandun dajin ƙasa na Gashaka-Gumti, mu hau Chappal Waddi, wanda shi ne tsauni mafi tsawo a Najeriya, sannan mu shiga kurmi mu ga namun daji.

Ba zan ɓoye muku ba, iyakar hawan da na taɓa yi shi ne Dala da Goron Dutse lokacin da nake ɗalibi a Kano, sai dutsen Olumo na Abeokuta, wanda matakala ce ke kai mutum sama. Shekarata 38, ƙanena yana da 29, abokan namu kuma sa'o'ina ne. Abin da nake son sani daga waɗanda suka taɓa zuwa ko suka san yankin shi ne ko kwana tara zai ishe mu yin abubuwan nan biyu, da hanyar da ta fi dacewa daga Legas, da irin shirin da ya kamata mu fara tun yanzu. Ɗaya daga cikinmu yana da mota mai ƙarfi, yana kuma ganin gara mu tafi da ita don mu rage kashe kuɗi. Allah Ya saka wa duk wanda ya ba mu shawara da alheri.

Tsohon Direban Mile 12 ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ban taɓa hawa tsaunin ba, amma na yi shekaru ina jan babbar mota a hanyar Taraba, don haka zan yi magana a kan abin da na sani, wato hanya. Kuskuren da mutanen Legas suka fi yi shi ne su ƙirga kwanakin da za su yi a kan dutse, su manta da kwanakin da za su yi kafin su ga dutsen.

Idan ta mota za ku bi, daga Legas sai Ore, sai Benin, ku haye kogin Kwara a Asaba ku shiga Onica, ku wuce Inugu, ku ratsa jihar Binuwai, sannan ku faɗa Taraba. Mai hankali ba ya yin wannan tafiya a wuni guda. Kwana biyu ce zuwa Jalingo idan za a tsaya a kwana a gari, kuma dole ne a tsaya, domin ba na ba kowa shawarar tafiyar dare a wannan hanya a zamanin da muke ciki. Ka ƙara da cewa ƙarshen Disamba lokacin Kirsimeti ne, lokacin da gadar Asaba da Onica take cinkushewa har mutum ya ɓata rabin wuni bai motsa ba. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, ka ga huɗu sun tafi daga cikin tara, alhali ba ku ma kama hanyar Bali ba.

Daga Jalingo kuma akwai wata tafiyar. Za ku bi ta Bali ku isa Serti, inda hedikwatar gandun dajin take, kuma idan kun bar Jalingo bayan sallar asuba, ku sa ran isa wajen azahar ko bayanta, gwargwadon halin da hanya take ciki da yawan shingayen jami'an tsaro. Bayan Serti, daga Mayo Selbe, hanya take fara hawa tudun Mambila, tana murɗewa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun. Direban da ya saba da titin Ikorodu bai san abin da ake nufi da sauko da mota da giya ba, sai ya riƙa taka birki har birkin ya yi zafi ya ƙi kamawa. Na ga abin da hakan yake jawowa da idona, ba sau ɗaya ba.

Shawarata ita ce ku bar motar abokinku a Agege. Ku hau jirgi zuwa Abuja, daga can ku nemi na Jalingo, ko kuwa ku sauka a Yola ku biyo ta Numan. Ku tabbatar da ranakun tashin jirgin tun kafin ku sa ranar hutu, domin ba kamar na Kano ba ne da ake samu safe da yamma. A Jalingo ku ɗauki shatar mota da direba ɗan hanyar. Kuɗin da kuke ganin za ku rage da motarku, mai da gyara da kwana a hanya za su cinye shi, ga gajiyar da za ku isa da ita gindin dutse.

Ɗan Gembu a Obalende ya rubuta:

Baba Direba ya gama magana a kan hanya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Malam Akawu, ni haifaffen Gembu ne, kasuwanci ya kawo ni Legas, na kuma hau Chappal Waddi sau biyu. Amsar tambayarka ta farko a taƙaice ita ce kwana tara zai isa ɗaya daga cikin abubuwan biyu, ba zai isa duka ba. Bari in yi bayani, domin yawancin masu shirya wannan tafiya suna ɗaukar gandun dajin kamar wani lambu ne mai ƙofa ɗaya.

An kafa Gashaka-Gumti a shekarar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba, ta hanyar haɗe gandayen namun daji biyu, na Gashaka da na Gumti. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000, wato ya kusa ninka jihar Legas gaba ɗayanta, kuma shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin ƙasa na Najeriya. Ɓangaren Gumti yana arewa, a jihar Adamawa, wajen Toungo, kuma galibinsa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren Gashaka yana kudu, a Taraba, shi ne mai tsaunuka da kurmi da rafuka masu gangarawa kogin Taraba, daga nan su faɗa Binuwai. Chappal Waddi, mai tsawon mita 2,419, yana can ƙarshen kudu maso gabas, a kan iyakarmu da Kamaru. Wasu suna kiransa Gangirwal, sunan da ake fassarawa da dutsen mutuwa, amma kada sunan ya tsorata ka, domin makiyaya suna kiwon shanu a kafaɗunsa.

Hanyoyi biyu ake bi a kai ga ƙololuwar. Ta farko ta cikin gandun dajin ce, daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka, daga nan a kama tafiyar ƙasa ta cikin kurmi ana hawa a hankali. Wannan ita ce tafiyar da ta fi kyau, domin mutum yana ganin yadda ƙasa take sauyawa daga kwari mai zafi zuwa kurmi mai duhu, zuwa tudu mai ciyawa da sanyi, amma tana cin mako guda ko fiye, ban da kwanakin hanya. Ta biyu ta bisa tudun Mambila ce. Za a hau da mota zuwa Nguroje, daga nan a bi hanyar ƙasa zuwa Njawai a kan babur ko cikin tsofaffin motocin Land Rover da har yanzu suke aiki a yankinmu, sannan a fara tafiyar ƙafa. Amfanin wannan hanya shi ne tudun Mambila da kansa yana da tsawon mita 1,600 ko kusa da haka, saboda haka mota ta riga ta ɗauke maka fiye da rabin hawan. Masu ƙarfi suna zuwa su dawo cikin kwana biyu, amma ga baƙin da ba su saba ba, kwana uku ya fi dacewa.

Yanzu sai mu ƙirga tare. Rana ta farko, Legas zuwa Jalingo ta jirgi. Ta biyu, Jalingo zuwa Serti, ku gama da ofishin gandun daji. Ta uku, Serti zuwa Nguroje har Njawai. Ta huɗu da ta biyar da ta shida, hawa da sauka. Ta bakwai, komawa Serti. Ta takwas, Jalingo. Ta tara, Legas. Ka ga babu rana ko ɗaya da ta rage, kuma lissafin nan ya ginu ne a kan cewa jirgi bai saɓa ba, mota ba ta lalace ba, babu wanda ya kwana da ciwon ciki. Ni da ni ne kai, sai in roƙi ƙarin kwana biyu a wurin aiki, ko da ba za a biya ni su ba.

Idan kuwa namun daji ne suka fi jan hankalinku, to ku bar ƙololuwa sai wata shekara, ku yi zamanku a ɓangaren Gashaka. Daga ƙauyen Gashaka akwai tafiyar 'yan sa'o'i a ƙafa zuwa Kwano, inda masu binciken birai suka kafa sansani tun wajen shekarar 2000. A wannan kurmi ake samun birin cimfanzi na jinsin da babu shi sai a Najeriya da Kamaru, ga bika, ga biri mai dogon gashi baƙi da fari, ga ɓauna da mazo da gada da mugun dawa. A kogin Kam akwai gurbin da ake zuwa kallon dorina, kogin kuma yana da giwan ruwa da tsage. Amma kada wani ya yi muku alkawarin ganin cimfanzi. Ana iya jin ihunsa, a ga sheƙar da ya kwana a kan itace, a dawo ba a sa shi a ido ba. Wannan daji ba kamar Yankari ba ne, inda ake zaga da mutum a mota a nuna masa dabbobi.

Kusa da ƙauyen Gashaka kuma akwai kufan ganuwar da Jamusawa suka gina a kan tudu. Wannan yanki namu a ƙarƙashin Jamus yake har zuwa yaƙin duniya na farko, daga baya Ingila ta karɓe shi, sai a shekarar 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, arewacin Kamaru ta Ingila ya zaɓi shiga Najeriya. Daga nan aka samo sunan lardin Sardauna, wanda ƙaramar hukumarmu take amsawa har yau, saboda rawar da Sardauna Ahmadu Bello ya taka a lokacin. Na kawo wannan ne domin ka fahimci dalilin da ya sa iyaka take kusa haka, da dalilin da ya sa za ka ji Fulatanci ya fi yawo a bakin mutane a ƙauyukan da za ku ratsa, ko da yake Hausa za ta fisshe ku a kasuwa da tasha. Kowannenku ya riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa a jikinsa.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran muhimmanci a wurina: kada ku tsallake ofishin Serti, ko da ta Mambila za ku hau. Can ake biyan kuɗin shiga, a rubuta sunayenku, a haɗa ku da malamin daji da zai raka ku. Tun shekarar 2017 hukumar gandayen daji ta ƙasa take gudanar da wurin tare da gidauniyar Africa Nature Investors, kuma an ƙara ɗaukar masu gadin daji an horar da su. Su ne suke kwana suke tashi a dajin, su ne za su gaya muku inda ake shiga a wannan makon da inda ba a shiga. Ku neme su tun kuna Legas, ku faɗa musu ranakunku da yawanku, su faɗa muku kuɗin da ake biya a halin yanzu, sannan ku sake tuntuɓarsu ana saura mako guda ku tashi. Idan suka ce ku dakata, ku dakata, ko da kun riga kun sayi tikiti.

Ma'aikaciyar Jinya daga Idi-Araba ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Akawu, ni ma na hau ta Njawai tare da maigidana da wasu abokan aikinmu, kuma ina so in yi magana a kan jiki, domin na lura maza sukan ɗauka cewa ƙwallon ranar Lahadi ta wadatar.

Matsalar mazaunin Legas ita ce garin shimfiɗe yake a bakin teku. Ƙafafunmu sun saba da tafiya a miƙe, ba su san hawa ba, ba su kuma san gangara ba, alhali gangara ce ta fi cin gwiwa. Ku fara shiri aƙalla wata biyu kafin tafiya. Ku samu bene mai hawa da yawa ko gadar masu tafiya a ƙafa, ku riƙa hawa da sauka da jakar goyo mai nauyi a bayanku sau uku a mako, ranar Asabar kuma ku yi tafiyar sa'a uku zuwa huɗu ba tare da kun hau komai ba. Kafin ku tafi Taraba, ku gwada kanku a wani wuri na kusa, kamar tsaunukan Idanre a jihar Ondo, inda matakala fiye da 600 suke jiran mutum, ko Erin Ijesha a jihar Osun. Wanda ya kasa a can ya san matsayinsa tun kuɗin jirgi bai fita ba. Tunda uku daga cikinku sun kusa arba'in, ku auna hawan jini da sukari, mai asma ko ciwon zuciya kuma ya ga likita tukuna.

Wasu suna tsoron ciwon da ƙarancin iska yake jawowa a kan manyan tsaunuka. Wannan ya fi damun masu hawa irin su Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, domin galibi daga mita 2,500 zuwa sama yake fara tsananta. A Chappal Waddi za ku ji numfashi yana yi muku wuya fiye da yadda kuka saba, wani ma ya ji ɗan ciwon kai, amma abin da ya fi kayar da mutane shi ne sanyi da ƙafa da ruwan sha.

Sanyin kuwa na gaske ne. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, to ka auna bambancin da ke tsakanin Agege da mita 2,400, ka ƙara da hunturu da iskar da babu abin da yake tare ta a kan tudu. Da rana za ka yi gumi, rana tana faɗuwa haƙora su fara kaɗawa. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri, da hular sanyi, da safar hannu, da jakar barci ko bargo mai kyau, da tabarmar soso da za ta raba ku da ƙasa, domin ƙasa ce take zuƙe ɗumin jiki da dare. Rigar da aka yi gumi a cikinta ba a kwana da ita. Duk waɗannan ana samunsu a gwanjon Yaba ko Katangowa cikin rahusa.

A kan takalmi zan ba ka labarin kaina. Na sayi sabon takalmi mai tsada ana saura kwana uku mu tashi, na ajiye shi a kwalinsa don kada ya yi datti. Kafin azahar ta ranar farko duddugena biyu sun yi bororo, washegari suka fashe, sai da aka naɗe mini su da filasta na ƙarasa da takalmin roba na wani ɗan dako, ina ɗingishi, jama'a suna jirana a kowane tudu. Ka sayi naka yanzu, ka yi duk atisayenka da shi har ya saba da ƙafarka, ka kuma yanke farce kafin ranar sauka.

Ruwan rafukan can garai-garai yake, amma shanu suna sha a sama da inda kake ɗiba, don haka a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tace ruwa. Ku riƙe gishirin haɗin ruwa na masu gudawa, da maganin ciwon jiki, da bandeji, da maganin zazzaɓin cizon sauro. A ƙasa wajen Serti da Gashaka akwai sauro da tsando da ƙananan ƙudaje masu cizo a bakin kogi, saboda haka doguwar riga da dogon wando sun fi gajeru, ko da ana zafi. Akwai macizai kamar kowane daji. Kada a sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, a kakkaɓe takalmi da safe, kada a fita da dare babu tocila. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a nufi asibiti. Asibiti kuma yana da nisa daga inda za ku kasance, wannan ne ma ya sa na goyi bayan Ɗan Gembu a kan cewa ba a tafiya babu malamin daji.

Wuri ɗaya ne na saɓa da masu cewa ƙarshen Disamba ya fi. Gaskiya ne daga Disamba zuwa Maris rafuka sun janye, hanyoyi sun bushe, ana hayewa cikin sauƙi, alhali da damina ruwa yana iya datse hanya kwana da kwanaki. Amma mu da muka je a Janairu, mun isa ƙololuwa hazo ya rufe ko'ina, ciyawa kuma an ƙone ta a wurare da dama, sai baƙin toka. Wanda yake son ya ga koren tudun da ake nunawa a hotuna, ƙarshen Nuwamba ya fi masa.

Ɗan Gembu a Obalende ya rubuta:

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan hazo, sai dai ƙarshen Nuwamba yana da nasa haɗarin, domin damina a wurinmu tana daɗewa fiye da ta ƙasar Hausa, wata shekarar ruwa yakan kai har cikin watan, ciyawa ta yi tsawo ta rufe hanya, babur kuma ya riƙa kafewa a laka tsakanin Nguroje da Njawai. Ga baƙon da yake da kwanaki ƙidayayyu, na fi son ya rasa hoto mai kyau da ya rasa jirginsa. Idan aka kwana kusa da ƙololuwa aka hau da sassafe, sau da yawa ana samun sarari kafin hazo ya yi kauri.

Malamin Islamiyya a Agege ya rubuta:

Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Malam, zan ƙara abu biyu da ba a taɓo ba. Na farko, tafiyarku ta wuce nisan da ake yin ƙasaru a kansa, wanda a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wato kimanin kilomita 80, kuma tunda ba za ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba, za ku ci gaba da ƙasaru har ku dawo. Ku san alƙibla tun kuna da sabis a waya, ko ku riƙe ƙaramin kamfas. Idan ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, ko sanyi ya kai ga cutarwa kuma babu halin ɗumama ruwan, taimama ta halatta, amma tunda za ku hura wuta don shayi, ɗumama ruwan buta ɗaya ba zai gagare ku ba. Idan hutun ya goce zuwa gaba, ku duba kalanda, domin a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a cikin rani, daidai lokacin da ake wannan tafiya.

Na biyu, za ku ratsa ƙauyuka da rugage, wataƙila ma ku kwana a wasu. Ku fara sauka wurin jauro ko arɗo ku yi gaisuwa ku faɗi abin da ya kawo ku. Ku riƙe ɗan goro da sukari da sabulu na alheri. Kada ku ɗauki hoton matan mutane ko shanunsu sai da izini, kuma idan an kawo muku nono ko masara, ku san yadda za ku rama ba tare da kun mai da abin ciniki ba.

Akawun Apapa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba, da Hajiya, da Malam, da ɗan'uwana na Obalende. Mun zauna jiya bayan isha'i mun karanta duk abin da kuka rubuta. Mun ajiye batun mota, ko da yake mai ita bai ji daɗi ba. Mun zaɓi ƙololuwa ta hanyar Mambila, kurmin Kwano kuma mun bar shi sai wani hutun. Na rubuta takardar neman ƙarin kwana biyu, mun kuma sa ranar zuwa Idanre a wata mai kamawa, da sharaɗin cewa duk wanda ya kasa a can ba zai yi fushi ba idan aka bar shi. Tambayar da ta rage mini ita ce ta abinci da kuɗi da kaya: me za mu saya a Legas, me za mu bari sai can, kuma shin dole ne mu ɗauki 'yan dako, ko kuwa kowa zai iya goya nasa?

Ɗan Gembu a Obalende ya rubuta:

Ku ɗauki 'yan dako, Malam, kada ku yi wa kanku rowa a nan. Kowannenku ya goya ruwansa da rigar sanyinsa da abin taɓawa, tanti da tukunya da buhun abinci kuma a bar wa waɗanda suka saba da tudun. A Njawai ake samunsu, malamin dajin da zai raka ku shi zai shige muku gaba wajen ciniki, kuma a gama magana a kan kuɗin kowace rana kafin a ɗaga kaya. Ku tuna cewa abincinsu da na malamin daji yana kanku, saboda haka ku auna cefanen mutum takwas ko tara, ba na mutum huɗu ba.

Daga Legas ku taho da abin da ba a samu a can, wato tanti, da jakar barci, da takalmi, da tocilar goshi, da fawabank guda biyu, da magungunan da Hajiya ta lissafa. Kilishi da dabino da ƙuli-ƙuli ba su da nauyi, kuma suna riƙe ciki a kan hanya. Shinkafa da taliya da garin kwaki da mai da madarar gari da sukari kuwa, ku bari sai Serti ko Nguroje, kada ku biya musu kuɗin awo a filin jirgi. Ganyen shayi ma kada ku ɗauko, domin gonar shayin Kakara tana nan a kan tudun.

Kuɗi kuma ku cire isassu tun daga Jalingo, ku nemi ƙananan takardu, ku raba su a tsakaninku kada su taru a aljihun mutum ɗaya. Bayan Nguroje kada ku dogara da tura kuɗi ta waya, domin sabis yana zuwa yana ɗaukewa, wani wurin ma babu shi sam. Ku gaya wa iyalanku tun da wuri cewa za a yi kwana uku ba a ji ku ba, ku bar musu lambar ofishin Serti da ranar da ya kamata ku sauko. Ku kuma riƙe buhu ɗaya na zuba ledoji da gwangwanaye ku sauko da su, domin shanun mutane suna cin leda, kuma tana kashe su.

Idan kun tsai da rana, ka aiko mini da saƙo ta akwatin sirri. Akwai direban da nake bi daga Jalingo zuwa gida duk shekara, zan tambaye shi ko yana da sarari a makon.